Na rubuta wa dattijon alƙali gyara a takarda, yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana alƙalai. Wata magana ce ta hana ni barci kwana huɗu, na ce bari in kawo ta zauren nan. In ni ne da laifi a faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka rufe musabaƙar Alƙur'ani ta ƙaramar hukumarmu. Mu biyar ne a teburin izu sittin na maza, ni ne autansu, shugaban tebur kuwa dattijo ne da suka yi karatu tare da malamin da ya yi mini saukar fari. Bana kwamiti ya zo da sabon tsari: in an gama gasa a ba kowane alƙali takarda ya rubuta abin da ya gani a aikin abokan zamansa, na yabo da na gyara, ya miƙa wa sakatare.

To ga abin da ya faru. Wani yaro mai lamba 14, tambayarsa ta uku ta faɗa ƙarshen Suratur Rum. Da ya zo aya ta 54 na ji ya karanta "min du'fin" da rufu'a. Yana kai ƙarshen ayar dattijo ya danna ƙararrawa. Yaro ya koma ya maimaita, aka sake danna masa, sannan dattijo ya buɗe masa da bakinsa, "min da'fin" da wasali bisa, ya ja biro ya cire maki ɗaya cur. Daga nan muryar yaron ta soma rawa, har ya yi tuntuɓe sau biyu a wurin da na tabbata ya iya. Na huɗu ya zo. Uku ake ɗauka zuwa jiha, kuma tsakaninsa da na ukun rabin maki ne.

Ni abin da na karanta, Hafsu, wato ruwayar karatun Alƙur'ani da yaron ke karantawa da ita, fuska biyu gare shi a wannan kalma, fataha (wasali bisa) da damma (rufu'a). Sai na rubuta a takardata: "An cire wa lamba 14 maki a Rum 54 bisa kuskure, domin fataha da damma duk sun inganta ga Hafsu. Ya kamata alƙalai su riƙa bitar Shaɗibiyya kafin su hau tebur." Shaɗibiyya littafi ne na waƙe a kan ƙira'o'in Alƙur'ani bakwai. A zatona sakatare zai karanta ya ajiye. Ashe a taron rufewa zai miƙe ya karanta duk takardun a gaban mutum kusan ashirin. Bai faɗi suna ba, amma kowa ya juyo ya kalle ni. Jiya na haɗu da dattijon a masallaci na durƙusa na gaishe shi, "lafiya" ɗaya ya ce ya sa takalminsa.

Gwani na Gabas:
Wa alaikumus salam. Yaro, shekararka nawa a kan tebur?

Abu Sumayya:
Wannan ce ta uku, Allah ya gafarta Malam.

Gwani na Gabas:
Shekara uku, ka aika abokin malaminka ya je ya yi bitar Shaɗibiyya. A rubuce kuma. Mu da muka tashi a tsangaya, gardi ba ya gyara wa alaramma a gaban ƙolo. In ka ji abin da ya shige maka duhu, sai ka bari an watse, ka bi shi da allonka ka ce Malam ni ne ban gane wurin nan ba, a warware mini. In shi ya yi kuskure zai gane da kansa ya gyara, mutuncinsa bai zube ba, kai ma ka samu ladanka. Wannan takarda da kwamitoci suka ɗauko ban san daga ina ba, za ta haɗa mutane faɗa ne kawai.

Ustaz Bazazzage:
Akaramakallahu Gwani, ladabi muna tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma mu raba magana biyu. Ta fuskar ilimi Abu Sumayya bai faɗi ƙarya ba. Duk wanda ke da Mus'hafin Madina ya buɗe shafukan bayani na ƙarshe, an rubuta ƙarara cewa kalmar nan ta Rum, a wurare ukun da ta zo cikin ayar, Hafsu yana da fataha yana da damma, ana karanta duka biyun, sai dai fataha ake gabatarwa. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne da sai an je Masar. Kuma a nan akwai haƙƙin mutum na uku, yaron da ya shekara yana tilawa dare da rana, aka hana shi zuwa jiha da rabin maki. Kunyar da za a ji ta dattijo ba ta biya shi wannan.

Ummu Aiman:
Ni jimlarka ta farko ba ni da ja a kanta, Malam Abu Sumayya. Ta biyun ce ta ɓata miyar. Ta farko ta ce ga lamba, ga sura, ga aya, ga abin da aka yi. Ta biyu kuwa ba gyara ba ce, habaici ne, ko da ba ka nufa ba. Ka ce "alƙalai", alhali kowa ya san mutum ɗaya kake nufi. Da ni aka rubuta wa haka, wallahi jimlar farko ba za ta shiga kunnena ba, ta biyun zan kwana ina juyawa.

Ɗalibin Hadisi:
Ni tsarin ne gaba ɗaya nake da shakku a kansa. Malaman jarhi da ta'adili, masu tantance maruwaitan hadisi, sun daɗe da gano cutar nan, shi ya sa suka ce maganar tsara a kan tsara naɗe ta ake yi, ba a ruwaito ta. Manyan malamai ma, masu tsoron Allah, in zamani ya haɗa su gari ya haɗa su, sai ka ji ɗaya ya soki ɗaya da abin da ba a karɓa. To ina ga mu? Kujerun alƙalanci a jiha ƙidayayyu ne, kowa yana so a tafi da shi. Ka ba ni takarda ka ce in auna wanda muke neman kujera ɗaya da shi, ka sa kura tsaron akuya.

Ustaz Bazazzage:
Ɗan'uwa, ka ɗauko rabin ƙa'ida ka bar rabi. Su malaman da ka ambata ai ba su rufe ƙofar suka ba, sharaɗi suka sa: mutumin da aka san adalcinsa ba a karɓar suka a kansa sai an fayyace dalili. In wani ya rubuta "wane ba shi da kunne" ko "wane yana son kai", wannan ita ce maganar tsara, a naɗe ta a jefa kwandon shara. In kuwa ya rubuta "ɗan takara kaza, aya kaza, an bar maddi muttasili a haraka biyu ba a cire komai ba, alhali an cire wa na gabansa a irin wurin", wannan ana iya kunna faifai a saurara. Ko maƙiyinka ne ya rubuta, in faifai ya gaskata shi shi ke nan.

Ɗalibin Hadisi:
In akwai faifan ke nan. Musabaƙu nawa ne a ƙauyukanmu ake naɗa? Wani wurin ma lasifikar da ƙyar take aiki, janareto na ƙara a bayan tebur.

Ummu Aiman:
Wayar hannu ɗaya ta isa. Mu a ɓangaren mata shekara biyu ke nan muna ajiye waya a gaban mai karatu, sakatariya na rubuta lamba da lokacin da ta fara. Ba ma yaɗawa, in an gama ƙorafe-ƙorafe a goge.

Bari in ba ku nawa labarin, don ni an taɓa rubuta mini, kuma na ji zafi. Wata ƙanwata ce a karatu, da hannuna na koya mata hukuncin nunun sakina. Ta rubuta cewa in yarinya ta yi shiru tana laluben aya, ina saurin danna ƙararrawa kafin ta numfasa, kuma ina girgiza kai in na ji kuskure, yara na gani suna ruɗewa. Ta kawo lambobi uku. Na dawo gida raina a ɓace, na ce wa maigidan ka ji 'yar da na raina. Shi kuma maimakon ya taya ni, sai ya yi dariya ya ce ai ko yaran gidan nan in suna miki hadda fuskarki suke kallo ba allo ba. Na rasa ta cewa. Da na saurari faifan, yarinya ɗaya ko daƙiƙa biyu ban ba ta ba. Yanzu in na zauna hannuna na dama a ƙarƙashin tebur yake, sai na ƙirga biyar a zuci kafin in kai shi kan ƙararrawa. Girgiza kan kuwa har yau ina fama, niƙabi ma ba ya ɓoye shi.

Abin da ya sa na iya haɗiyewa, ni kaɗai ta ba takardar, a ninke, bayan ta gaishe ni. Da a gaban taro aka karanta, ban san abin da zan yi ba.

Basakkwace:
Hakanan na, Malama. Ni wanda nika ganin ya yi babban laihi cikin zancen ga sakatare na. Wa ya aike shi karanta takardun mutane gaban jama'a? Yaro ya rubuta sirri, an maishe shi shela. Ko nasiha ta gaskiya in anka yi ta gaban mutane ta koma tozarci. Shekarun baya mun yi irin wanga tsari, sai munka ce takarda ba ta zuwa hannun kowa sai ta biya ta hannun wanda anka rubuta don shi. Shi karanta, shi rubuta amsa tai ƙasa in yana da ita, sannan a kai ma shugaban kwamiti. Sau da yawa nan take magana ka mutuwa, don sai ka iske mai suka bai ji daidai ba, ko wanda anka soka ya ce na yarda, Allah shi saka.

Mai Usur:
Ku yi haƙuri in shigo da ƙwallo cikin zancen Alƙur'ani. Ni malamin Islamiyya ne amma ina busa wasa a ƙarshen mako. A manyan wasanni akwai wanda aikinsa ke nan, tsohon alƙalin wasa ne, yana zaune a gefe da takarda yana bin alƙalin da ke fili, minti kaza ka busa kaza, minti kaza ka tsaya a inda ba ka ganin ƙwallo. In an tashi ya zauna da ku ya faɗa muku, sannan ya rubuta rahoto. Ba ya neman kujerarka, ya riga ya wuce nan. Me zai hana musabaƙa ta samu irinsa, dattijo ɗaya da ba ya ba da maki, aikinsa sauraron alƙalai kawai? Sai a huta da yaro ya rubuta wa babba.

Gwani na Gabas:
Wannan ta fi kama hankali. Babba ya duba na ƙasa da shi, haka duniya take.

Ustaz Bazazzage:
To shi babban wa zai duba shi, Gwani? A labarin nan shugaban tebur ne ake magana a kansa. In gyara daga sama kawai yake gangarowa, kuskuren na sama ya zauna daram ke nan har ya yi ritaya. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawa daga dattawanmu da ruwayar Warshu suka tashi, a allo, da rubutunmu na gargajiya, kunnensu a nan ya nuna. Yaran yanzu kuwa galibi da Hafsu suke shiga gasa. Samarin da suka karanta littattafan tajwidi Tuhufa da Jazariyya a aji suna da abin da za su ƙara wa tebur, kamar yadda dattawan ke da abin da samari ba su da shi. Ni na ga gwanin da yaro na tsallake aya mai kama da wata zai gaya maka sau nawa irinta ta zo a Alƙur'ani da inda kowace take, ba tare da ya buɗe Mus'hafi ba. Wannan harji ba a aji ake samunsa ba.

Alaramma Damagaram:
Salamu alaikum. Ustaz, a yi hattara da wannan magana. Mai Warshu ai shi ne ƙarshen wanda zai ƙi damma a Rum, don mu da damma muke karanta ta tun muna yara. In dattijon nan da Warshu ya tashi, kunnensa ya fi sabawa da "du'fin" a kan "da'fin". To me zai sa ya danna ƙararrawa? Ni dai abin bai zauna mini ba. Abu Sumayya, ka tambaye shi dalili kafin ka rubuta?

Abu Sumayya:
Gaskiya ban tambaye shi ba, Alaramma. Na ji ya buɗe wa yaron da fataha, sai na ɗauka dammar ce bai yarda da ita ba.

Alaramma Damagaram:
Ka ɗauka. To.

Baban Khalil:
Ni duk wannan ba shi ne damuwata ba. Alƙali ya kwana uku a kan benci tun safe har bayan isha'i, alawus ɗin ko kuɗin mota bai kai ba, sannan a ƙara masa aikin rubuta rahoto? A fara gyara wannan tukuna.

Shugaban Zaure:
Malam Baban Khalil, maganar alawus tana da ranarta, mun yi ta a watan jiya har saƙo ya fi ɗari. A tsaya kan abin da ake. Kuma ina roƙo kada wanda ya san garin ko dattijon ya ambaci suna.

Ɗalibin Hadisi:
Akwai wata cutar kuma da ba a taɓo ba, kishiyar wannan. Inda na yi alƙalanci bara an raba irin takardar. Da aka tattara, duk abu ɗaya ne: "Masha Allah, Malam ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." Takarda goma sha biyu, babu wadda ta ambaci aya ɗaya. Alhali a wurin cin abinci kowa na gunaguni cewa wane yana sassauta wa ɗaliban makarantarsu a gunna, wane kuma barci yake ɗauka bayan azahar. A baki an cinye naman mutum, a takarda an yi masa addu'a. To in za a rubuta gaskiya a samu gaba, in an rubuta yabo a yi asarar takarda, ina amfanin?

Ummu Aiman:
Ai yabon ma in an fayyace shi yana da amfani. "Ya yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai. Amma wata ta taɓa rubuta wa abokiyar aikinmu cewa lokacin da wata yarinya ta fashe da kuka a tsakiyar Suratun Nisa'i, ta dakatar da agogo, ta sa aka ba ta ruwa, ta maimaita mata farkon tambayar da murya a kwance, kuma ba ta ƙara mata ko rabin maki don tausayi ba. Mu duka muka ɗauki wannan. Yanzu ya zama al'adar teburinmu.

Kuma fom ɗin kansa yana da laifi. In ka ba mutum farar takarda ka ce rubuta ra'ayinka a kan wane, ko ya yi fadanci ko ya yi fashin baƙi. Mu namu gida huɗu ne: lambar 'yar takara, sura da aya, abin da na ji, sai tambayata ga 'yar'uwata. Gida na huɗun nan tambaya ce dole, ba hukunci ba. "Me ya sa aka cire ɗaya a nan ba rabi ba?" Ko babbar malama ba ta jin an ci mata fuska in tambaya aka yi mata, ita ma tana son a tambaye ta.

Basakkwace:
Wanga gida na huɗu ya yi. Malama a turo muna hoton fom ɗin.

Wani abu kuma, yawancin rigimar ga tun kahin a fara gasa ya kamata a kashe ta. Musabaƙar ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ka shiryawa tun 1986 ta kai inda ta kai don akwai ƙa'ida rubutacciya, tun daga izu biyu har izu sittin da tafsiri, kuma daga nan ne yaranmu ka zuwa Makka gasar Sarki Abdul'aziz. Amma can ƙasa, ƙaramar hukuma, sai a tara alƙalai da sahe a ce bismillah. Ba a zauna an ce saktoci huɗu na Hafsu in yaro ya bar ɗaya nawa za a cire ba. Ba a ce "la ta'amanna" ta Yusuf ishmami da raumi duk an karɓa ba. Ba a ce "almusaiɗirun" ta Ɗur da sadi da sinun duk daidai na ba. Awa guda ta isa a bi wuraren ga, a kunna karatun yaro guda kowa shi ba da maki, a ga wa ya yi nisa da 'yan'uwa. In anka yi haka, abin da za a rubuta bayan gasa kaɗan na.

Gwani na Gabas:
Ni ban ce kada a gyara wa babba ba. Mu ma ana gyara mana. Limami in ya yi tuntuɓe a salla yaro ɗan shekara goma yana buɗe masa daga sahu na uku, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya, don an san don salla ya yi. Abin da nake ƙi shi ne rubutu. Magana iska ce, in an yi an shirya ta wuce. Takarda kuwa tana nan a fayil, bayan shekara biyar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya buɗe ya ga an ce wane bai san fuskokin Hafsu ba.

Ustaz Bazazzage:
Wannan gaskiya ce Gwani, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da na ji yau. Sai dai abin da ya sa takarda ke da haɗari shi ne ya sa take da amfani. Alƙalin da aka yi wa magana a baki bara a kan sassauta wa 'yan makarantarsu, bana ya sake, baɗi ya sake, kowace shekara sabon kwamiti, ba wanda ya san an taɓa yi. Mafita ita ce ta Basakkwace, amsar mutum ta zauna a jikin takardar, duk wanda ya karanta suka ya karanta amsa.

Abu Sumayya:
Na gode malamaina. Na karanta duka. Gobe in sha Allah bayan la'asar zan je gidansa. Wani ɗan kwamiti ya ce ya naɗi zaman a wayarsa, zan karɓa in tafi da shi.

Gwani na Gabas:
Kada ka shiga da waya a hannu kamar ɗan sanda. Ka bar ta a aljihu sai in shi ya nema. Ka riƙa ɗan goro ko dabino.

Abu Sumayya:
Salamu alaikum. Na je na dawo, kuma Alaramma Damagaram, hasashenka ya fi nawa.

Na same shi a zaure yana duba allunan almajirai. Ya bar ni a tsugune ya gama allo uku kafin ya ɗago. Na ba da haƙuri a kan jimlar Shaɗibiyya da kuma rashin zuwa wurinsa tun farko. Ya ce karanta mini ayar. Na karanta da damma. Ya ce sau nawa kalmar ta zo? Na ce uku. Ya ce yaronka sau nawa ya yi rufu'a? Na yi shiru. Ya ce na farko da na biyu ya yi rufu'a, da ya zo na uku, "da'fan wa shaiba", ya koma wasali bisa. Ya ce na danna masa don ya daidaita, ya maimaita yadda ya yi. Shi ne na buɗe masa da wanda ke rubuce a Mus'hafin gabansa. Ya ce in ka ɗauki fuska ka riƙe ta har ƙarshen aya, ba a yin gaba da riga ɗaya baya da wata.

Ni da kaina na ciro wayar na ce Malam a ba ni izini in saurara. Muka kunna sau biyu. Yadda ya faɗa haka yake. Ni ina jin damma ta farko hankalina ya tafi kan murnar yaro ya san fuska ta biyu, ban saurari ta ukun ba sam. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Amma ya ƙara da wata magana da ban zata ba. Ya ce shi ma a takardar makinsa "kuskure" kawai ya rubuta, da ya rubuta "ya haɗa fuska biyu" da sakatare ya warware zancen a wurin. Kuma ya ce tun ranar yake tunanin maki ɗayan, ko ya yi yawa, tunda ma'ana ba ta canja ba. Ya ce in rubuta wata takardar in gyara ta farko, shi ma zai rubuta tasa a ƙasa, mu kai tare. Dabinon kuwa ya raba wa almajirai, bai ci ko ɗaya ba, don haka ban sani ba ko an gama hucewa.

Gwani na Gabas:
Abin da babba ya hango yana zaune. An huce, da bai huce ba ba zai karɓa ba.

Ustaz Bazazzage:
Na janye abin da na faɗa a kan kunnen masu Warshu, Alaramma a yafe ni. Na gina magana a kan ruwayar mutum ɗaya ban nemi ta ɗayan ba, ga shi ni ne mai kawo ƙa'idar fayyace dalili. Amma maganar makin ba ƙarama ba ce. Haɗa fuska biyu a aya ɗaya aibi ne ga mai gasa, ba musu, sai dai kowace kalma da ya furta Alƙur'ani ce ingantacciya, bai canja harafi ba bai ɓata ma'ana ba. Ni a wurina wannan ba ya kai lahani bayyananne. In rabi aka cire, yaron ya yi kunnen doki da na uku.

Alaramma Damagaram:
Ba komai Ustaz. Amma ka manta an danna masa ya kasa gyarawa har aka buɗe masa. A yawancin takardun da na yi aiki da su, buɗewa hukuncinta daban, ko mene ne asalin kuskuren.

Ummu Aiman:
To ai tambayar ke nan, wurin ya cancanci ƙararrawa da buɗewa tun farko, ko abin da za a ɗiga a gidan tajwidi ne a bar yaro ya wuce? Mu ba ma tsayar da yarinya sai a kuskuren hadda ko lahani bayyananne.

Ɗalibin Hadisi:
Shi yaron fa, akwai wanda ya gaya masa abin da ya yi? Ina jin har yanzu yana can yana zaton damma haramun ce.

Abu Sumayya:
Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Ina da lambar malaminsu, zan kira shi da daddare. An riga an tura sunaye uku jiha tun Litinin, amma zan tambayi sakatare ko ana tafiya da na ko-ta-kwana.

Basakkwace:
Malama Ummu Aiman har yanzu muna jiran hoton fom ɗin nan.

Ummu Aiman:
Yana wayar sakatariyarmu, ta tafi biki Gusau. In ta dawo Alhamis zan turo.